Soso a Takalmin Auta

Akwai wata yarinya 'yar aji shida, mai kaifin kai da son a yi komai yadda ta tsara. A gida Mama tana kiranta Shugaba don tsokana. Ƙanenta ɗan shekara bakwai ne, Auta ake ce masa. Su uku ne a gidan tun da Allah ya yi wa Babansu rasuwa bara.

Mama tela ce. Shagonta yana ɗakin gaba, cike da yadi da zare da ƙyallaye.

Wata rana Kawu, ƙanen Mama, ya kawo musu tikiti uku na babban wurin wasannin da ke bayan gari. Na ranar Asabar ne, rana ɗaya tak. Ya haɗa musu da taswirar wurin. Mama ta ce ɗinki ya sha mata kai, don haka Shugaba ce za ta tsara tafiyar.

Abin nema ya samu. Shugaba ta ɗauko takarda da biro ta zauna. Ta rubuta cewa za su fita da sassafe, kafin rana ta yi zafi. Kowa zai ɗauki gorar ruwa da hula. Za a rubuta lambar wayar Mama a sa a aljihun Auta. In wani ya ɓace, a haɗu a gindin babban agogon da ke tsakiyar wurin. Mama ta karanta ta ce madalla, yarinya ta yi hankali.

Amma abu ɗaya ne a ran Shugaba, shi ne Macijin Sama. Jirgi ne mai gudu a kan dogo. Yakan hau can ƙololuwa, ya gangaro kamar an jefo shi, ya juya da mutane kai a ƙasa. Baba ya taɓa yi wa Auta alkawarin zai hau da shi. Bai kai ga cikawa ba. Shugaba ta dafa kan Auta, ta ce ita za ta cika masa alkawarin. Tun ranar Auta bai sake wani zance ba sai na Maciji.

Ana saura kwana biyu, ta juya bayan taswirar. Sai ta ga wani ƙaramin rubutu. An ce duk yaron da tsawonsa bai kai santimita ɗari da ashirin ba, ba zai hau Macijin Sama ba.

Ta ɗauko tef ɗin awo na Mama. Ta jingina Auta da bango, ta ɗora masa littafi a ka. Ɗari da goma sha bakwai. Ta ce ya miƙe sosai. Ta sake aunawa. Ɗari da goma sha bakwai dai. Ta auna har sau uku, tef bai canza magana ba.

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Santimita uku! Bai fi faɗin yatsu biyu ba. Wane mara tausayi ne ya zauna ya kafa wannan doka? Shi ya san Auta? Ya san abin da aka yi masa alkawari? Ta yi tsaki ta jefar da tef ɗin a kan gado.

Daga shago Mama ta ɗaga murya, keken ɗinki yana ta ƙara. Ta tambaya ko an duba dokokin wurin, ko kuma an auna Auta.

"Na auna shi, Mama," in ji Shugaba. "Ya kai."

Da Mama ta shiga kicin, Shugaba ta lallaɓa shago. A ƙarƙashin teburi akwai buhun soso, irin wanda ake sa wa a kafaɗar riga don ta tsaya. Ta ɗebi guda shida. Ta yanka su daidai tafin ƙafar Auta, ta cusa uku-uku a cikin kambas ɗinsa. Auta ya tura ƙafa da ƙyar. Ta sake auna shi. Ɗari da ashirin cif.

Ta ja masa kunne cewa wannan sirrinsu ne su biyu. Auta ya gyaɗa kai, yana tafiya kamar zakara a kan kara.

Ranar Asabar suka isa da wuri. Wurin ya fi yadda suka zata girma. Ga lilo mai juyawa ya kusa taɓa gajimare. Ga kiɗa, ga masu sayar da balan-balan, ga jama'a kamar an yi ɓarin gero. Mama ta ce su fara da abubuwan da ke kusa da ƙofa, tunda ba kowa a kansu. Shugaba ta ce a'a, a takarda Maciji ne na farko.

Ashe kowa ma da Maciji ya kwana a rai. Layi ya yi tsawo, ya lanƙwasa, ya sake lanƙwasawa.

A bakin layin akwai sandar awo mai jan katako a sama. Duk yaron da zai shiga sai ya tsaya a ƙarƙashinta. Auta ya tsaya. Gashinsa ya ɗan shafi katakon. Aka ce ya wuce. Shugaba ta saki ajiyar zuciya, ta ƙifta masa ido.

Suka yi ta tsayuwa. Rana ta ɗaga. Ruwan gora ya yi ɗumi. Auta ya fara ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya. Ya raɗa wa yayarsa cewa takalmin yana cizon sa. Ta harare shi, ta ce namiji ba ya raki. Mama ta tambaya me ya faru. Shugaba ta ce zumuɗi ne kawai.

Sai da suka shafe kusan awa biyu kafin su iso gaba. A nan kuma ga wata sandar awon. Wata mata mai rigar aiki ruwan ɗorawa tana tsaye kusa da ita, tana sake auna yara kafin su zauna.

Auta ya shiga ƙarƙashin sanda. Kansa bai taɓa katako ba. Matar ta ce ya miƙe. Ya miƙe har wuyansa ya yi tsawo. Haske yana wucewa tsakanin kansa da katakon.

Matar ta ce ya yi haƙuri, bai kai ba.

Nan fa Shugaba ta hau faɗa. Ta ce an auna shi a ƙofa ya kai. Ta ce awa biyu suna gasuwa a rana. Ta ce sandar nan ce ba ta da gaskiya, a je a gwada ta da ta waje. Ta ce wannan zalunci ne, kuma ba inda za su. Mutanen baya suka fara leƙe. Mama ma ranta ya sosu, ta tsaya wa 'yarta. Ta ce ita tela ce, ta san awo, kuma a gida an auna yaron nan da tef ɗinta.

Matar ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi Auta daga sama har ƙasa.

"Ikon Allah," ta ce. "Shekarata shida a nan, ban taɓa ganin yaron da ya rage tsawo a kan layi ba."

Auta ya ja rigar yayarsa. Yana so ya taimaka ne.

"Yaya, ai soson ne ya kwanta. Ko za ki ƙara wani?"

Can wani mutum a baya ya fashe da dariya. Shugaba ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Mama ta durƙusa ta cire wa Auta takalmi. Ta zaro soso, ya lallatse kamar takarda. Ta gane kayan shagonta. Ta ga ɗan yatsan Auta ya yi ja, har ya yi ɗan bororo. Ta ba matar haƙuri, ta kama hannun yaran suka fita ta ƙaramar ƙofa.

Auta ya ɓarke da kuka. Shugaba kuwa ta cika ta yi fam. Kunya ta kama ta, amma fushin bai sauka ba. Ta ce ita dai ba ta ga laifinta ba. Santimita uku ne fa. Me santimita uku zai yi wa mutum? Da matar tana da imani da ta kau da kai.

"Kin yi mini ƙarya," in ji Mama. "Kin sa na tsaya a gaban jama'a ina rantsuwa da tef ɗina. Wannan mu ajiye shi sai mun je gida. Amma kin san abin da kika so yi wa ƙanenki?"

Shugaba ta tura baki. Ta ce alkawarin Baba ta so cikawa.

Ana haka sai ga matar nan ta fito, wata ta karɓe ta a wurin aiki. Ta ji abin da yarinyar ta faɗa. Ta yafito su, ta ce su zo ta nuna musu wani abu. A gefen layin akwai kujera ɗaya irin ta cikin jirgin, an kafa ta a ƙasa don gwaji. Ta ce Shugaba ta zauna. Ta sauko da wani ƙarfe mai laushin baki daga sama. Ya kama kafaɗun Shugaba gam, ko motsi ba ta iya yi.

Sai ta ce Auta ya zauna. Ta sauko da ƙarfen har ƙarshensa. Bai taɓa kafaɗun Auta ba. Matar ta ce wa Shugaba ta sa hannu a tsakani. Hannunta ya shige har wuyan hannu.

"Kin ƙara masa tsawo a ƙafa," in ji matar. "To a jirgin nan ba a tsaye ake tafiya ba, a zaune ne. In ya zauna, takalmi ba ya aikin komai. Yanzu ɗaga kanki."

Shugaba ta ɗaga kai. Daidai lokacin Maciji ya kai ƙololuwa. Ya juya, ƙafafun mutane suna sama, kawunansu suna ƙasa. Wata hula ta faɗo tana juyi a iska, ta daɗe kafin ta iso ƙasa.

Shugaba ta dubi hular. Ta dubi hannunta a kan kafaɗar Auta. Duk fushin nan ya bi ruwa. Hawaye suka zubo mata ba ta shirya ba.

Mama ta zauna a kan benci ta jawo ta jikinta. Ta ce Babansu mutum ne mai cika alkawari, amma da ya ga rubutun nan da ya ce a jira baɗi. Ta ce rashi ɗaya ya ishe ta.

Shugaba ta durƙusa a gaban Auta. Ta gaya masa gaskiya, cewa tun a gida ta san bai kai ba. Ta roƙe shi gafara, ta roƙi Mama. Ta kuma je ta ba matar haƙuri a kan maganganun da ta yaɓa mata. Matar ta yi murmushi, ta ce ta sha jin waɗanda suka fi haka. Ta ba su filasta don yatsan Auta.

Rabin rana ya riga ya tafi a banza. Mama ta miƙa wa Shugaba taswira da biro, ta ce har yanzu ita ce mai tsari, sai ta gyara abin da ta ɓata. Shugaba ta juya bayan taswirar ta karanta duka, layi bayan layi. Ta zagaye duk wasan da tsawon Auta ya isa. Ta ƙirga, guda tara ne. Ta jera su daga na kusa zuwa na nesa, don kada ƙafar Auta ta sha wuya.

Mama ta ce in tana so ta koma ta hau Maciji ita kaɗai, za su jira ta. Shugaba ta girgiza kai. Ta ce tare suka zo.

Suka hau dawakan katako masu zagayawa. Suka shiga ƙananan motoci masu karo da juna, Auta ya yi ta bin Mama yana buga mata. Daga ƙarshe suka shiga wani kwalekwale mai kujera uku. Ya bi ta cikin kogo, ya hau tudu a hankali, sannan ya sulalo cikin ruwa. Ruwa ya yi musu wanka tun daga kai har ƙafa. Auta ya fito yana tsalle, ya ce a sake. Suka sake har sau uku, don layin gajere ne.

A mota, kan hanyar gida, Auta ya yi barci a cinyar yayarsa, rigarsa ba ta gama bushewa ba. Mama ta ce hukuncin ƙarya yana nan, Shugaba za ta yi sharar shago mako guda. Shugaba ta ce ta yarda, ko mako biyu ne.

Yara, in za ku je wurin wasa, ku karanta dokokinsa tun daga gida, ku tsara tafiyarku a kansu. Doka irin wannan ba don a hana ku jin daɗi aka kafa ta ba, don ku koma gida lafiya ne. In kuma abu bai zo yadda kuke so ba, ku faɗa wa iyayenku gaskiya. Ɓacin ran gaskiya na ɗan lokaci ne, amma ƙarya tana iya jawo abin da ba ya gyaruwa.