Kunun Kanwar Hajiya

Wayyo maraici! Rana tsaka, a wani gida na Dakata, Fanna na durƙushe gaban tukunyar ruwan wanka, hayaƙi na cin idonta, bayanta duk shatin muciya. Tun rasuwar iyayenta take hannun baffanta Shu'aibu, ma'aikacin wata masaƙa a Bompai, shi kuwa wuni yake gaban inji, bai san wainar da matarsa Hajiya ke toyawa ba. Ga shi 'yarsu Mairama ta dawo wankan gida da jaririnta, aiki ya ninku. Fanna ce ɗebo ruwa, ita ce hura wuta ƙarƙashin gadon ƙasa, ita ce miƙa ƙwaryar kunu. Damun kam Hajiya ba ta yarda kowa ya taɓa, da hannunta take zabga kanwar tana cewa, "Jego ba wasa ba ne, sanyi ke kashe mace."

Sai ga wani numfashi daga ɗakin mai jego... Fanna ta kasa kunne. Ta san shi! Bara waccan, a wannan ɗakin, a kan wannan gadon, haka Hansatu yayar Mairama ta riƙa jan iska kamar ana shaƙe ta, ƙafafu suntum, kwanciya ta gagare ta sai zama, har rai ya yi halinsa ta bar jinjiri. Tun daga ranar, Fanna ba ta iya wuce ƙofar ɗakin ba ta ji Hansatu na haki ba. Yau kuwa da ta leƙa, Mairama ce zaune, ta kumbura, leɓunanta sun yi duhu, kai ka ce marigayiyar ce ta dawo.

"Ga ta nan! Ga mayyar nan tana leƙe!" Hajiya ta kurma ihu. "Kin cinye min Hansatu, yanzu kin kama kurwar Mairama! Dama uwarki mayya ce, a nono kika sha!" Kafin ka ce kwabo matan unguwa sun cika gidan, masu tofi na yi, masu janye 'ya'yansu na yi. Aka damƙe Fanna, aka yaye mata zane, aka ce sai ta tsallake marar lafiya ta saki kurwarta. Yarinyar nan ta tsallaka, hawaye na zuba, tana faɗin, "Allah Kai ne shaidata... Ku yi min komai, amma ku bar uwata ta kwanta lafiya a kabarinta!" Mairama ba ta samu sauƙi ba, sai aka ce taurin kan mayya ne. Hajiya ta ƙara wuta, ta ƙara kanwa, ta turo Fanna waje ta banko ƙofa.

Ina za ta? Ba takalmi, ba mayafin kirki, ta bi gefen titi tsakanin manyan motoci har ƙofar masaƙa. Tana nan tsugune sai jiniyar canjin aiki ta kaɗa, Baffa Shu'aibu ya fito da auduga a gashinsa. Ta faɗi gabansa. "Baffa, ku taimaka, Yaya Mairama na irin numfashin Yaya Hansatu!" Lidiya, nas ɗin ɗakin shan magani na masaƙar, ta ji, ta dafe ƙirji. "Malam Shu'aibu, mai jego ce? Kar ku tsaya, ku nemi mota!"

A asibiti aka yi sa'a, akwai wani likita cikin masu binciken ciwon zuciyar masu jego. Ya saurari ƙirjin Mairama, ya ɗauki hoto, ya auna jini, aka yi mata allurar fitar da ruwa. Sannan ya kira iyayen, ya ɗaga hoton. "Kun ga zuciyarta ta buɗe, ta gaji. Mun daɗe muna bin irin matan nan ɗaya bayan ɗaya. Gishirin cikin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafin gado da na wanka suna ƙara wa zuciya aiki, ita kuwa ba ta huta daga haihuwa ba. Wata takan tsira, wata ba ta iyawa. Wa ke dama mata kunun?"

Hajiya ta dubi hannayenta. "Likita... wata 'yata ma haka ta yi, ta rasu. Har da ita?" Likitan ya sunkuyar da kai, ya ce, "Rai na Allah ne, Hajiya. Amma ba maita a nan." Innalillahi! Hajiya ta sulale ƙasa tana birgima tana kiran Hansatu, ba mai iya riƙe ta.

Allah Ya tashi kafaɗar Mairama, kumburi ya saɓe. Ranar da aka sallamo ta, Baffa bai ko zauna ba, ya ce wa Hajiya, "Bakin da ya ɓata, shi zai gyara. Ko ki bi gida-gida, ko ki bar min nawa." Haka ta fita, mai taƙamar da ko sannu ba ta iya ce wa talaka, tana sallama ƙofa-ƙofa, tana faɗin, "Ƙarya na yi wa Fanna, hannuna ne." Matan da suka yi tofi suka riƙa sunne kai don kunya.

Da ta dawo tsakar gida, mutane cike, Hajiya ta durƙusa gaban marainiyar. "Ki yafe min, 'yar nan." Fanna ta share hawaye. "Nawa na yafe, Hajiya, duniya da lahira. Amma akwai wadda ba ta da bakin kare kanta. Ku ambaci sunanta kowa ya ji."

Hajiya ta ɗaga murya cikin kuka. "Falmata, uwar Fanna, ba mayya ba ce! Allah Ya jiƙanta!" Gidan ya amsa da amin. Sai a lokacin Fanna ta rushe da kukan da ta daɗe tana haɗiyewa, Mairama ta jawo ta ta rungume.