Ƙaramar Tukunyar Amarya

Tukunya biyu ake ɗorawa a gidan: babba ta kowa da kowa, ƙarama ta Amarya. An daɗe da shan biki, amma sunan ya bi ta. Tun ranar da likita ya ce ciwon sukari ne, surukarta Umma ta kafa doka: kada a ci komai a gaban yarinyar nan, ranta zai biya. Sai a kai mata nata ɗaki a ja ƙofa.

Umma fa ba muguwa ba ce, Allah ya sani, tausayi ne. Amma wane irin tausayi ne zai rufe mutum a ɗaki kamar mai ƙyanda?

Daga bakin gado Amarya ke jiyo su a falo, ƙarar cokula da shewar Auta, ƙanwar mijinta. Ita kuwa ga ganye da wake da ɗan kifi, ga bango.

Mijinta tela ne, kuma yana son ta kamar ransa. Da can tun daga ƙofa yake kiran, "Ina Tauraruwata?" Yanzu kuwa yana gama sallama sai, "Kin auna? Nawa ya nuna? Kin yi allura?"

Ta gaji. Huda yatsa safe da yamma, allura, auna loma, ciwon da bai san hutun ƙarshen mako ba. Rannan ta tura na'urar awon sukarin ƙarƙashin kaya, ta koma faɗa masa lamba daga kanta. Allurar ma wata rana ta yi, wata rana ta share. Ƙishirwa ta dawo, zobenta ya fara yawo a yatsa.

Wata la'asar ya shigo da sabon kwalin tsinken gwajin sukari, ya jawo durowa zai ajiye. Sai ga na baya a jere, ko ledarsu ba a ɓare ba.

"Innalillahi! Me nake gani haka? Ashe ƙarya kike mini? So kike ki kashe kanki?"

Ta ɗago idanu jajur. "Na gaji ne."

"Kin gaji da rayuwarki?"

"Na gaji da zama lamba! Yaushe rabon da ka tambaye ni yadda na wuni? Yaushe rabon da na ci abinci da mutum? Ina jin dariyarku, ni da bango. Wallahi allurar ba ta kai wannan ƙofar zafi ba!"

Kuka ya ƙwace mata. Mijin ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta.

"Yafe mini, Tauraruwa. Tsoron rasa ki ne ya mai da ni ɗan sanda."

Washegari ya rufe shago ya raka ta asibiti. Nas ba ta yi mata faɗa ba, ta ce irin wannan gajiya sananniya ce, maganinta a raba kayan. Suka raba: shi zai riƙa tanadin magani da rakiya, tambayar lamba kuwa sai in ita ta kawo zancen.

Da aka zuba abinci ya ɗauki faranti ya nufi ƙaramar tukunya.

Umma ta zaro ido. "Kai! Lafiyarka ƙalau za ka ci abincin majinyata?"

"Umma, ki yi haƙuri. Inda matata ta ci, nan zan ci."

"To, sannu mijin ƙwarai! Ni da na yi don tausayi na zama abin zargi."

Ya shige ɗakin da farantinsa. Kwana biyu a tsakani Auta ta leƙo da nata. "Anti, a matsa mini, falon nan ya ishe ni." Ta ɗanɗana waken ta ce ashe daɗi ake ɓoye musu.

Aka bar Umma da babban tire ita kaɗai. Ta kai loma ɗaya, ta ajiye cokali. Dariya na fitowa daga bayan ƙofar da ita da kanta ta ce a riƙa ja. Ta dubi bango, bango ya dube ta. Hawaye suka zubo mata.

Sai ga ta a bakin ƙofa da faranti a hannu.

"'Yar nan… haka kike ji kullum?"

Amarya ta miƙe da sauri ta karɓi farantin. "Ba komai, Umma. Shigo ki zauna."

"Da komai mana! Ku fito falo dukanku. Daga yau tukunya ɗaya ce a gidan nan."

Ciwon dai bai tafi ba, kuma akwai ranakun da har yanzu Amarya ke gajiya. Amma yanzu tana faɗa, ana kuma saurare. Mai ciwon da ba ya warkewa yana bukatar magani, yana kuma bukatar wanda zai zauna kusa da shi ya tambaye shi yadda ya wuni. Da safe ta huda yatsa, mijinta na gefe yana haɗa shayi, bai tambayi lamba ba. Ita da kanta ta juya masa na'urar tana murmushi.