Tagar Madafin Inna

A wani zamani, wani saurayi mai ƙafar yawo ya dawo garinsu bayan shekaru. Ya tarar an sare tsamiyar ƙofar gida, akuyarsu ta yi jikoki, Innarsa kuwa ta koyi tari. In ta hura wuta tari, in ta sauke tukunya tari, idanunta jajur.

Ya leƙa madafi, hayaƙi ya koro shi. Ashe an toshe tagar da tsumma.

"Inna, wa ya toshe tagar nan?"

"Ni ce. Da ƙamshin miya ya fita, sai maƙwabcinmu Baba Nomau ya yi sallama, hannunsa a wanke."

"To, hayaƙin fa?"

"Shi ai ba ya cinye mini tuwo, ɗan nan."

"Amma zai ƙarasa miki ƙirji."

Ya fizge tsumman. Hayaƙi ya fita, ƙamshi ya bi shi, sai ga sallama.

Inna ta harare shi. "Ga baƙonka nan. Ni dai malmala biyu na kwashe."

Saurayi ya dubi malmalarsa, ya haɗiye yawu, ya tura wa Baba Nomau. Kashegari ma haka, kullum haka. Shi yana ramewa, tarin Inna yana raguwa.

Ran da ƙafarsa ta sake yin ƙaiƙayi, yana ɗaure kaya yana duban tagar, don ya san halin Inna. Baba Nomau ya dafa kafaɗarsa.

"Je ka abinka, yaro. Duk ranar da hancina bai ji miya ba, da kaina zan zo in buɗe ta."