Garmar Dawuda

"Ki bar zancen mamacin nan a cikinki, Glory... don Allah."

Na zare hannuna daga na Markus, raina a ɓace. Ni ɗalibar jinya ce, shi kuma lauya yake karanta. Malamanmu ne suka haɗa mu bibbiyu suka tura ƙauyuka, ɗaya ya duba jikin mara lafiya, ɗaya ya duba haƙƙinsa. A haka muka faɗa soyayya, abin da ba ya cikin darasi.

Mu Kaka Rahila aka ba mu, wata tsohuwa a gindin dutse bayan Dirin Daji. 'Ya'yan mijinta na son ƙwace gonarta, wai ta zare. Hujjarsu kuwa, tana cewa mijinta Dawuda, da ya daɗe a kabari, shi ke yi mata huɗa. Ta ce bai ƙarasa golmonsa ba, noman da saurayi ke yi wa surukai kafin a ba shi mata, shi ne yake biyan saura.

Na gwada hankalinta iya gwadawa. Ta san ranar kasuwa, ta san maganinta, ta san iyakar gonarta dutse-dutse. Markus na so in ɓoye zancen Dawuda a zaman sulhu, amma ƙarya a gaban dattawa ba da ni ba. Markus ya yi fushi, Sandra 'yar ajinsu ta samu ƙofa, tana zuga shi wai 'yar allura za ta kashe masa shari'a. Ga Babana can Rikoto ya riga ya ce ba zai ba ɗan bariki 'yarsa ba, wanda bai taɓa riƙe garma ba. Na ga Markus na zame mini, na ci kuka na ƙoshi.

Ranar zaman sulhu na yi sammako zuwa gonar. Gajimare ya sauko ya rufe dutsen, ko tsuntsu ba ya kuka. Sai ƙarar garma nake ji, a hankali, ba gaggawa.

Na matsa... Markus ne, ba riga, zufa na zuba.

Ya ce ya zo ne ya kama mai yin aikin. Bai ga kowa ba, sai rabin huɗa ɗanya da garma a tsaye, ƙotarta da ɗumi. Yana taɓa ta kawai ya ji ya duƙa yana huɗa.

"Masoyiyata, na kasa ajiye ta," ya faɗa. "Ki yafe mini. Faɗi duk abin da kika gani."

Na faɗa kuwa a gaban dattawa. Na ce tsohuwa na maganar mijinta, amma kewa ba hauka ba ce. Markus ya ɗora da abin da doka ta ce a kan haƙƙin matar mamaci. Aka bar mata gonarta, Sandra ta tattara jakarta ba sallama.

Kaka Rahila da kanta ta aika a kira Babana. Ya zo fuska a murtuke, ya bi huɗar yana dubawa, ya kai ƙarshe ya daɗe a tsaye. Ashe yana yaro ya yi noma a bayan Dawuda. Da ya ji aikin Markus ne, ya juya gare shi.

"Yaro, wa ya koya maka huɗa wagga?"

"Babu kowa, Baba."

Babana ya sake duban huɗar. Ya ce mutum ɗaya ya sani mai karkata bakin garma haka, Dawuda, kuma a gaban idonsa aka binne shi.

Ya cire hularsa, ya juya wajen dutsen ya rusuna.

"Wanda Dawuda ya miƙa wa garma, ni wa ne in hana shi mata? Ka turo manyanka."