Madauki na Huɗu

Ka taɓa zama na ƙarshe a layi, kana da yaƙinin babu kowa a bayanka, amma ka ji ana taku daidai da takunka?

Ni ya same ni a watan Fabrairu, wata takwas bayan na karɓi digirina na injiniya. Kuma ba a kan dutse abin ya fara ba. A garejin Kawu Lorne ya fara, a garin Golden da ke gindin duwatsu masu ƙanƙara, da yammacin da muke haɗa kaya.

Tafiyar kwana biyar ce a kan allunan zamiya da ake ɗaurawa a ƙafa, daga wannan bukkar masu hawan dutse zuwa waccan. Mu huɗu ne: Kawu, wanda ya shekara talatin yana yi wa mutane ja-gora a duwatsun nan, da ƙawata Marnie, da saurayinta Darcy, sai ni. Ni na karɓi ragamar shiri, don a lokacin kaina cike yake fal da dabaru. Komai sai da na ɗora a sikeli. Abincin kowace rana da ledarsa, cuku, busasshen nama, garin miya, cakulan. Har buroshin haƙoranmu na gutsure wa bindi.

"Injiniya," in ji Marnie, "saura ki aske mana gira. Ita ma ai nauyi ce."

"Ki yi ta dariya. A hawan farko za ki gode mini."

Babbar dabarata a kan igiya take. Tsakanin bukka ta biyu da ta uku akwai filin ƙanƙara mai ramuka, dusar ƙanƙara ta rufe bakinsu ruf. Ba a ratsa shi sai an ɗaure a igiya ɗaya, kowa da madaukinsa da zai maƙala a ɗamarar ƙugunsa, in wani ya rufta sauran su riƙe shi. Ƙulla madaukan nan a can kuwa sai an cire safar hannu, yatsu su sandare. Na ce me zai hana a ƙulla tun daga gida? Na auna tazara, na ƙulla huɗu, tsaf.

Ina gamawa Darcy ya bugo waya, muryarsa kamar ta kwaɗo. Zazzaɓi ya kwantar da shi, ba zai je ba.

Kawu ya shigo da kofin shayinsa, ya tsaya a kan igiyar.

"Wa ya ƙulla wannan?"

"Ni ce, Kawu. Minti goma zai rage mana a cikin sanyi, ka ga in aka haɗa da..."

"Mu nawa ne gobe?"

"Uku."

"To wa kika gayyata?" Bai yi murmushi ba. "Ba a ƙulla madauki sai mai shi yana tsaye a gabanka, Joelle. Kwance na ƙarshen nan."

Na ce to. Yana juya baya na naɗe igiyar yadda take. A raina na ce camfin tsofaffi ne, ƙulli ɗaya ko nauyin cokali bai kai ba.

Rana ta uku iska ta tsare mu a bukka har bayan tsakar rana. Da muka isa bakin filin, kowa ya maƙala madaukinsa cikin hanzari, har Marnie ta ce, "Na ba ki, Injiniya." Kawu a gaba, Marnie a tsakiya, ni a baya. Ragowar igiyar da madaukin Darcy na cusa a saman jakata kada Kawu ya gani.

Muka yi ta tafiya. Rana ta faɗa bayan dutse, dusar ta koma shuɗiya. Iska ta ɗauke ɗif. Babu abin da ake ji sai allunanmu, shuu, shuu, da ƙugiyoyi suna ƙarar ƙarfe a ƙugunmu. Can nesa, kamar kan allura, ga rufin bukka.

Ban san sa'ad da ragowar igiyar ta zame daga jakata ba. Na dai ji tana jan ƙasa a bayana.

Sai na ji ta daina jan ƙasa.

Ta ɗago. Ta miƙe, daidai yadda igiya ke yi in akwai mutum a ƙarshenta, mutumin da ya san aiki, ba ya barin ta saki, ba ya barin ta ɗaure.

Shuu, shuu.

Na ƙirga sautin alluna. Kawu. Marnie. Ni.

Da wani.

Wari ya iso mini ta bayan wuya. Jiƙaƙƙen ulu, da ƙaron itacen nan da kakanninmu ke shafa wa allunan katako. Tun ina yarinya rabona da jin sa.

"Marnie," na ce ƙasa-ƙasa.

"Mene ne kuma? Wata dabarar ce?"

Ta waiwayo tana dariya. Idonta ya wuce ni, ya tsaya a bayana. Dariyar ta mutu a fuskarta.

"Lorne," ta kira. "Lorne!"

Kawu ya tsaya. Ya dube mu sau ɗaya.

"Joelle, kada ki juya. Ci gaba da tafiya. A hankali."

Na ɗaga ƙafa. Igiyar ta ƙi.

Na sake gwadawa. Ta ja ni baya taku ɗaya, a natse, kamar mai jan hannun ƙanwarsa. Ba ta bin sawunmu. Hagu take ja, inda dusar ta ɗan loɓa alamar rami a ƙasa, inda Kawu ya yi mana zagaye ɗazu.

Sai murya, dab da kunnena, busasshiya, ta wanda ya daɗe bai yi magana ba.

"Ku jira ni."

Na ƙanƙame sandunan da nake dogarawa da su.

"Kun ajiye mini wuri. Ku jira, abokaina suna ƙasa."

Aka fizge ni. Na faɗi rigingine, ɗamarar ta shaƙe mini ciki, dusa ta cika mini baki. Marnie da Kawu suka zube suka kafa sandunansu, amma duk da haka ana jan mu, mu uku, taƙi bayan taƙi. Na ji ƙanƙara tana ɓarewa a bayan kaina, gutsattsarinta suna faɗawa wani wuri mai zurfi, ban ji saukarsu ba.

Wani abu ya zamo a kan dusa ya bugi hannuna. Wuƙar Kawu.

"Yanke!" in ji Kawu.

A cikinmu masu hawan dutse ba a yanke wa mutum igiya. Kawu da kansa ya koya mini haka tun ina shekara tara.

"Kawu, akwai mutum..."

"Yanke, 'yar nan!"

Na buɗe wuƙar da haƙora. Na lalubi igiyar ta bayan ƙuguna, a ɗaure tamau kamar ƙarfe.

"Don Allah," in ji muryar.

Na yanke.

Guntun ya ruga a kan dusa, ya shige ramin. Shiru.

Ban san yadda muka kai bukka ba. Marnie ta zauna gaban murhu da takalmanta, har yau kuma ba ta gaya mini abin da ta gani ba. Kawu bai yi mini faɗa ba. Ya zauna da igiyar a cinyarsa ya yi ta daddatsa ta gajeru-gajeru, yadda ko ɗaya ba zai isa ƙulli ba. Da safe muka sauka ta kwari, muka bar sauran bukkokin.

Shekara guda ke nan. Na samu aiki a birni, hawa na bakwai, nesa da kowane dutse. Amma da yamma, in na taso ina tafiya gida, nakan ji an ɗan ja ni a ƙugu ta baya. Ba da ƙarfi ba. Kamar mai tambaya ko mun kusa.

In kana haɗa kaya a makon nan, ajiye takardar nan ka je ka warware igiyarka, ka bi ta da hannu daga farko har ƙarshe. Duk ƙullin da ka taras wanda ba ka ga mai shi tsaye a gabanka ba, kwance shi yanzu, kafin ka fita.