Motar Nomau da Ta Daina Zafi

Wacce? Akori-kurar da ke bayan rumbu? A'a Ɗanlami, ba lalacewa ta yi ba. Lafiyarta ƙalau. Rage murya, Yaya Nomau na zaure, bai yi barci ba. Na san kai bakanike ne, na ji ka ɗazu kana cewa yini ɗaya ya ishe ka ka tayar da ita. Zauna tukuna. Ke Hajjo, matso da fitilar nan. Zancen babanki ne, ki yi haƙuri, amma kin girma, gara ki ji.

Lokacin kuna ƙanana, ita Hajjo ma ba a haife ta ba. Aurena ya mutu na dawo gidan nan, ina ɗakin Inna, uwar Yaya Nomau, Allah ya ji ƙanta. A shekarar ya sayar da shanun huɗarsa ya sayo motar. Ta hannu ce, ta tsufa tun a lokacin. Ƙarama, ƙofa biyu, fentin ya koɗe, ƙofar direba sai an ɗaga ta kafin ta rufu. Amma tana da fowil, wato duk ƙafafunta huɗu suna ja. Kun san hanyarmu, rairayi ne har gwiwa. Manyan motoci kan kafe, ita kuwa ta bi ta gefensu ta wuce.

Aibinta ɗaya. Zafi. Dillalin ma bai ɓoye masa ba, ya ce, "Tana tafasa. Ka riƙa yawo da jarkar ruwa, in ta yi zafi ka ba ta lokaci ta huce."

Ranar da ya kawo ta Inna ta ce a soya waina a yi sadaka. Ya ce babu hali. Ta ga yana ɗura ruwa a lagireto, ta ce me ake da ruwa a mota? Ya ce tafasa yake yi.

Ta ce, "To in za ka zubar, ka yi bisimilla, ka ce a kauce. Ba a zuba ruwan zafi a ƙasa haka nan. Akwai masu kwanciya."

Ya yi dariya. "Inna, mota ce fa, ba tukunyar tuwo ba."

Yaya Nomau ba wannan da kuke gani shiru-shiru ba ne. Mutum ne mai taurin zuciya. Tsohuwa za ta ɗaga masa hannu a hanya, rana tsaka, ya watsa mata rairayi ya wuce. Mutum ɗaya yake wa laushi a duniya, 'yarsa Tasalla. Yarinya ce tana famfara, bakin nan duk giɓi. Da ta ji ƙarar motar sai ta ruga. Ya ɗora ta a cinya ta danna ham.

Abin da zan faɗa yanzu ban gani ba. Shi ya faɗa da bakinsa, bayan komai ya wuce.

Ya taso daga kasuwar Maigatari, ya yi lodin gishiri da kanwa. Rana ta yi ja, magariba ta kawo kai. Yana isowa wajen dogon surin nan, kafin tudun rairayi na ƙarshe, allurar zafin injin ta hau ja. Tururi ta ko'ina. Ya tsaya dab da surin. Bai jira ta huce ba. Ya naɗe hannu da tsumma, ya fizge tiyon ƙasa, wai ruwan tsatsar ya fita ya zuba sabo. E, na ga kana girgiza kai, Ɗanlami, ba a haka. Shi dai haka ya yi.

Ruwan ya feso. Ya gangara. Ya shige wani rami a gindin surin.

Bai ce komai ba. Ko bisimilla.

Sai ya ji ƙara. Siririya, kamar ta ɗan akuya in an taka shi. Ta ɗauke. Ta sake tashi.

Ya ɗago kai. Mace na tsaye a gaban motar. Babu gari kusa, babu ruga. Doguwa ce, da baƙin zane. Tana rungume da yarinya, an rufe ta, tururi na fita ta cikin zanen.

Bakinta ya motsa. Shiru. Sai da ta rufe bakin sannan maganar ta iso kunnensa.

"Mai mota, ka ƙona min 'ya."

Ya ce, "Ni ban ga kowa ba."

"Tana barci ne. Kai mu bayan tudun can, akwai mai magani. Motarka na hawa rairayi."

"Babu wuri."

Ta leƙa ta taga. Kujerar gefe ba kowa, sai hularsa da ledar balangu.

"Ga wuri."

"Na ce babu. Wa ya ce ki kwantar da ita a hanyar mota?"

Ta tako zuwa gare shi. A nan ya kalli ƙasa. Dunduniyarta ce a gaba, yatsun suna baya. Tana matsowa, sawunta a rairayi na nuna kamar tafiya take yi.

Ya faɗa mota. Ya murɗa makulli. Yana jan ƙofar nan da ba ta rufuwa, maganarta ta same shi.

"Je ka. Motarka ba za ta ƙara zafi ba. Mun ɗauke mata."

Sai da ya iso gida ya tuna bai mayar da tiyo ba, bai zuba ruwa ba. Ya buɗe bonet. Tiyo na reto. Ya taɓa injin, sanyi ƙalau kamar randa. Wannan kam na gani da idona, don kiran mu ya yi mu taɓa. Matar ce kawai bai ambata ba.

A yammacin nan Tasalla ba ta rugo ba. Tana ɗakin uwarta Kuluwa, jiki kamar garwashi. Motar na yin shiru, gumi ya keto mata. Ta tashi ta ce tana jin yunwa. Muka ce zazzaɓin sauro ne.

Daga nan mota ta zama abin magana. Ba ruwa, ba tsayawa. Ta hau tudun da ko raƙumi sai ya yi nishi. Yaya Nomau ya jefar da jarkar, ya ce ya yi sa'ar saye.

Kuluwa ce ta fara lura. Duk ranar kasuwa yarinya na kwance. Ranar da mota ke gida tana tsakar gida tana 'yar gala-gala. Wata safiya muna zaune, Tasalla na shan koko. A waje ya tayar da mota don ta ɗumama. Kofin ya faɗi daga hannunta. Ta ce, "Umma, bayana, bayana!" Kuluwa ta ɗaga rigar. Fatar ta yi ja, muna kallo.

Kuluwa ta fita ba ko mayafi. "Malam, kashe motar nan!"

Ya kashe don ya ji me ya faru. Kukan ya tsaya.

Inna ta kira shi ɗaki. Ina ciki.

"Nomau, ka zubar da ruwan zafi a wani wuri?"

"Ni? A'a."

"Kalle ni."

"Inna, zancen mata ne. Yarinya na zazzaɓi, a saya mata magani a kemis."

"To na hana ka tayar da ita. In dai ni na haife ka."

Ya ajiye ta. Tasalla ta warware, har kumatu ta yi. Sababbin haƙora suka fara leƙowa. Aka yi rubutu aka sha, muka ce shi ke nan.

Sai kaka ta zo, aka yanke riɗi. 'Yan kasuwa suka riƙa sintiri a ƙofar gida, don motarsa kaɗai ke shiga ƙauyukan cikin rairayi. Yana zaune yana kallon wasu na ɗibar riɗin a kan jakai. Ya daina cin abinci. Ya riƙa zagaya motar yana shafa ta.

Kun san abin da ya yi? Da sassafe ya sa aka tura masa ita har bayan gari. A can ya tayar, wai kada Inna ta ji.

Mu ba mu ji ba. Tasalla ta ji.

Yini guda. Mun jiƙa zane mun rufa mata, kafin ka juya ya bushe. Bororon ƙuna ya tashi daga wuyanta har ƙugu. Ta yi kuka har muryar ta tafi. Wani lokaci ta lafa, mu ce ya tsaya lodi. Can ta sake miƙewa, mu ce ya tashi. Kuluwa ta aika mutum a kan jaki ya bi sawunsa. Ina jaki zai kamo ta?

Bayan la'asar ya dawo, riɗi har saman bodi. Ya shigo da fara'a, da alewa a hannu. Ya ga 'yarsa. Alewar ta zube.

Ya ce, "Asibiti."

Kuluwa ta ce, "Ba a motar nan ba."

Maƙwabcinmu Malam Jatau ya ce ga amalankensa, bari ya ɗaura shanu.

"Amalanke? Sai gobe mu isa! Ku ba ku ga ƙuna ce ba? Likita take so!"

Inna ta riƙe masa riga, ya fizge. Kuluwa ta kwanta a gaban taya, ya ja ta gefe kamar buhu. Ya sunkuci yarinyar. Ni dai na ga ba zan bar ta ita kaɗai ba, na faɗa kujerar gefe na karɓe ta.

Ya murɗa makulli. Ta sandare a hannuna.

Ya sa fowil, ya taka. Ina kallon allurar nan, tana kwance a ƙasa, ko motsi. Zafin kuwa ya ratsa zanena. Har yau akwai tabo a cinyata.

Na ce, "Yaya, tsaya. Don Allah kashe."

"Mun kusa."

"Yaya, ƙonewa take yi."

"Rufe min baki! Mun kusa!"

Duk tudun da ya hau, injin ya yi gurnani, sai ta banƙare. Ta buɗe ido sau ɗaya. Ta ce, "Baba, kashe." A hankali ta faɗa. Ya ji. Hawaye na zubo masa, ya ƙara taka totur. Shi a ganinsa ceton ta yake yi.

Muna kaiwa dogon surin, motar ta mutu da kanta.

Matar nan na tsaye a wurin. Rana ba ta faɗi ba, na gan ta sarai. Doguwa, baƙin zane. Hannunta ba komai. Zanen goyo a ninke a kafaɗarta.

Ta zo tagar da nake. Ba ta kalle ni ba. Ta kalli yarinyar, ta daɗe. Bakinta ya motsa. Muka jira.

"Mai mota. Ashe akwai wuri."

Bakinta ya sake motsawa.

"Tawa sai da ta kwana tana kuka."

Ta juya. Sawunta na tahowa, ita tana tafiya.

Sai na ji jikin Tasalla na yin sanyi. Wallahi murna na yi. Na ce, "Alhamdu lillahi, Yaya, zazzaɓin ya sauka."

Ya taɓa ta. Shi ya gane kafin ni.

A ƙafa muka dawo da ita. Motar kuma shanun Malam Jatau suka jawo ta washegari.

Kuna cewa nan ya tsaya? Bayan shekara Kuluwa ta haihu. Yaya Nomau ya ce zai sayar da motar ya huta. Wani ya zo daga Gumel, ya ce sai ya ji injin. Ya murɗa makulli sau ɗaya. Jaririyar da ke ɗaki ta tsala ihu. Kuluwa ta fito da jego, ta zare makullin, ta je ta jefa a tsohuwar rijiya.

Hajjo, miƙo hannunki kusa da fitila. Duba nan, Ɗanlami. An ce mata kunu ne ya zubo mata tana jaririya. Ba kunu ba ne, 'yar nan. Yi haƙuri. Na san ku bakanikai ba ruwanku da makulli, waya biyu kuke haɗawa mota ta tashi. Shi ya sa na faɗa.

Gobe da rana tsaka ka je ka ɗora hannu a bonet ɗin. Ka ji sanyinta, ka dawo ka bar ta. Kuma in za ka koma, kada ka bi ta dogon suri kai kaɗai, ko da rana ne. Ka jira 'yan kasuwa. In mashin ɗinka ya yi zafi, ka tura shi ka wuce wurin tukuna.

Daina kuka, Hajjo, babanki zai ji. Ku zauna da ita. Bari in je, baƙin da suka zo mana daga Malammadori ba a kai musu shimfiɗa ba, ga ruwan wankan tsohuwarsu na kan wuta tun ɗazu.