Tauraron da Ya Ƙi Ƙiftawa

A ɗakin ƙasa na jami'a suka haɗu, ɗakin da ko taga babu. Injiniya ya zo gyaran kwamfuta, ya tarar da Auta ta ƙura wa wani ɗigon haske ido a allon kwamfuta.

"Me kike jira?"

"Ya ƙifta. Akwai taurarin da haskensu ke ƙaruwa ya ragu, kamar bugun zuciya. Da bugun nan ake gane nisan ɗan gungun taurarin da suke ciki, wanda da ƙyar ake hango shi."

"To tawa zuciyar fa, wa zai auna?"

Ta harare shi, amma dariya ta ƙwace mata.

Ni gwaggonta ce. Ban yi boko ba, amma na san zalunci. Babanta ya rantse ba aure sai ta gama karatu. Farfesan da ke duba aikinta ya ce ba gamawa sai tauraron ya ƙifta. Hotunan da yake ba ta daga babban madubin hangen sama kuwa, tauraro ƙyam, kamar an kafe shi da ƙusa. Ta nemi wasu, ya ce ita ce daƙiƙiya. Yarinya duk ta rame, daga ɗaki sai ɗaki.

Injiniya kullum da la'asar yake leƙowa, daidai ta fito daga ofishin Farfesa, fuska a murtuke. Ya gaji, ya turo saƙo:

"Tauraruwata, in kin daina sona ki faɗa min. Kullum na zo, fuskar nan ɗaya ce."

Ta mayar masa: "Malam, ai kullum lokaci ɗaya kake zuwa. Zo da safe ka gani."

Tana turawa ta miƙe zumbur. Hotunan! Kowace rana a lokaci ɗaya ake ɗaukarsu, daidai sadda tauraron ya gama zagayen bugunsa ya dawo yadda yake. Ta roƙi wata abokiyar aikinta hotunan wani lokaci daban. Sai ga shi yana ƙiftawa abinsa.

Ta gama karatu, babanta ya sauko, aka ɗaura aure.

Wurin walima Farfesa ya miƙe yana washe baki, wai "aikinmu". Na tare shi a bakin ƙofa.

"Aikinku kai da wa? Faɗa wa mutanen nan wa ya zaɓi lokacin ɗaukar hoto."

Ya hau gyara hula. Har yau bai amsa ba, ni kuma ban janye tambayata ba.

Su kam Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Ango yanzu safe, rana da yamma duk sai ya leƙa fuskarta.